Kafasitar shiga: matsar da ita kusa, kada ka ƙara mata girma

Tambaya: Na zana allon da'ira na wata na'urar hannu mai batirin lithium, da IC (ƙaramin guntun lantarki) mai rage wuta daga volt 3.7 zuwa 1.8. Na sa kafasitar shiga (ma'ajin wuta da ke bakin shigar IC) mai 10µF yadda takardar kamfani ta ce, kimanin santimita ɗaya daga IC, amma wutar tana fita da tsalle-tsalle, har tana damun eriya. In sa babba?

Amsa: Malam, ko 47µF ka sa, da wuya ka ga canji. Matsalar tana cikin wannan santimita ɗayan.

Irin wannan IC yana kunna wuta yana kashewa sau miliyan 2 zuwa 3 a daƙiƙa, wasu ma fiye. A kowace kunnawa, kafasitar shiga ce ke ba da wutar nan take, domin batiri ya yi nisa. Wutar ta fita daga kafasita, ta shiga ƙafar VIN (inda wuta ke shiga IC), ta dawo ta ƙafar giraun (hanyar komawar wuta). Wannan zagaye shi ne inda tsalle-tsallen ke samo asali. Kowane milimita na layin jan ƙarfe yana da indoktans (halin da ke sa volt tsalle idan wuta ta canza farat ɗaya) na kusan 1nH. Ka ɗauka zagayenka 10nH ne, wutar amfiya 1 kuma ta katse cikin nanosakan 2: tsallen volt 5 ke nan a kan na batiri. Da yawa daga cikin waɗannan IC ba a yi su don jure fiye da volt 6 ba.

Don haka kafasitar za ka fara ajiyewa a allon, kafin koyil (naɗaɗɗiyar wayar da ke bakin fitar IC) ma. Ta zauna dab da VIN da giraun, a fuska ɗaya da IC, ba tare da ramin haɗi (mai ratsa allon zuwa wata shimfiɗa) a tsakani ba. Shimfiɗar da ke ƙarƙashi ta zama giraun zalla, kada wani layi ya tsaga ta. Jan ƙarfen ƙafar SW (wadda ke haɗe da koyil) kuwa ka taƙaita shi, layin FB (wanda IC ke auna wutar fita da shi) ya bi nesa da koyil.

Sai abin da mutane ke yawan mantawa: kafasitar seramik irin X5R tana rasa ƙimarta ta µF idan wuta na kanta. Mai 10µF, girman 0402 (lambar girman jikinta), wadda aka yi don volt 6.3, tana iya rasa fiye da rabi a volt 4. Duba jadawalin kamfanin da ya ƙera ta. In akwai wuri, ɗauki 0603, wadda ta fi girman jiki, ko mai volt 10.