Tambaya da Amsa: Shin alalen da aka dafa a leda yana cutarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar alale a Tudun Wadan Zariya, a leda nake ƙullawa in dafa, 'ya'yana ma shi suke ci. An turo mini wata murya a WhatsApp wai leda na kawo ciwon daji. Wallahi hankalina ya tashi. Maƙwabciyata kuwa ta ce ai wuta ta kashe komai. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, alalen jiya ba zai jawo wa yaro ciwon daji gobe ba. Abin da muke tsoro shi ne kaɗan-kaɗan ɗin da ke shiga jiki kullum, shekara da shekaru, musamman ga yara da masu juna biyu, domin wasu sinadaran roba suna dagula aikin homon, wato sinadaran da jiki ke samarwa don tsara girma da haihuwa.

Amma maganar maƙwabciyarki ce ta fi damuna, don kullum sai na ji ta, har daga bakin masu digiri a Samaru. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, domin su masu rai ne. Sinadari ba shi da rai, to me za ki kashe? Zafin ma shi ne yake sassauta leda har abin da aka haɗa ta da shi ya fito. Mai kuma yana jan sa, tsami na taimaka masa, daɗewa na ƙara shi. To dubi alale: ga manja, ga tafasa, ga shi ya daɗe a tukunya. Ki lura da ledar da ta taɓa gindin tukunya, ta yamutse ta manne, manja ya rina ta. Haka kokon da ake zubawa a leda yana tururi, haka baƙar ledar da ake rufe tuwo da ita, wadda galibi daga tsofaffin robobi aka narka ta, ba wanda ya san me suka taɓa ɗauka. Farar robar nan mai kumfa ta sayar da shinkafa, Jihar Legas ta haramta ta a 2024. Tarayyar Turai kuwa tun 2011 ta hana sa BPA, wani sinadarin haɗa roba, a kwalbar shayar da jarirai. Mu nan muna ta cewa wuta ta kashe!

Masu yawo da lasifika a Sabon Gari suna tallar maganin "wanke gubar leda" kuma, kada ki ba su ko sisi. Babu jiƙon da ke wannan aikin, wani ma ƙoda zai lalata wa yaro.

Ki koma ganyen ayaba, ko ƙananan kofunan silba da za ki wanke ki sake amfani da su. Gwangwanin madara da ya yi tsatsa ki jefar. In dole sai kin ƙulla wa mai saye a leda, bari ya huce tukuna. Yaran da kike aika sayen koko kuma, ki ba su kwano mai murfi daga gida.