Masu gwada wasanmu suna ta ƙorafi, mu kuma ba mu da hali: wa za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina biyu muna haɗa wani ɗan wasan bidiyo na duniyar tatsuniya, mai dodanni da tsafi da jarumi mai takobi. Mun ba wasu sun gwada, sai ƙorafi ya yi mana yawa. Wani ya ce dodon farko ya fi ƙarfinsa, wani ya ce wasan ya yi sauƙi, wasu kuma so suke mu sa yadda mutum zai buga da abokinsa ta intanet. Mu uku ne kacal, kuɗi babu, lokacin ma sai an tashi daga aiki. In mun ƙi, a ce mun raina mutane. In mun bi kowa, ba ranar gamawa. Yaya manyan kamfanoni suke yi da irin wannan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa aikin albarka. Kada ƙorafin ya karya muku gwiwa. Wanda wasa bai kama shi ba ba ya tsayawa ƙorafi, ajiyewa yake yi ya kama gabansa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma ba lallai ne ya san yadda ake gyaran rufi ba. Idan ɗan wasa ya ce wuri kaza bai yi masa daɗi ba, ka yarda da shi, kusan kullum gaskiya ya faɗa. Idan kuma ya ce ga yadda za a gyara, sai ka auna, domin bai ga abin da kake gani daga ciki ba: yawan aikin, kuɗin, da sauran sassan wasan da gyaran zai taɓa.

Labarin da ya fi koyar da wannan a wurina shi ne na Final Fantasy XIV, na kamfanin Square Enix da ke Japan. Wasan ya fito a watan Satumba na 2010, kuma ya sha suka ta ko'ina: yana da nauyi, yana sarƙewa, abin yi a cikinsa kaɗan ne. A Disamba na wannan shekarar aka sauya shugabannin aikin, aka damƙa shi a hannun Naoki Yoshida. Daga baya, a wani taron masu haɗa wasanni a 2014, ya nuna wa jama'a wata tukunyar fure da ke ajiye a bakin hanya a cikin tsohon wasan. An ƙawata tukunyar nan ƙwarai, har aikin da kwamfuta ke yi wajen zana ta ya yi daidai da wanda take yi wajen zana mutum guda sukutum. Saboda irin wannan almubazzaranci, sai da aka taƙaita yawan mutanen da ake iya gani a allo lokaci guda zuwa 20, a wasan da aka gina don dubban mutane su haɗu. Ɗan wasa yana shiga gari ya ji babu rai, ya ji komai na jan ƙafa, kuma gaskiyarsa ce. Amma ina zai san tukunyar fure na cikin masu laifi? Da shawararsa aka bi, faci za a yi ta yi a kan ginin da tushensa ya lalace. Abin da Yoshida ya yi shi ne ya ci gaba da lallaɓa tsohon wasan, yana gina sabo a gefe. Ranar 11 ga Nuwamba 2012 aka rufe tsohon, a cikin labarin ma aka halaka duniyarsa, sabon kuma ya fito a Agusta 2013.

Abin da ya fi burge ni a wajensa shi ne yadda yake cewa a'a. Yana da shirin da yake fitowa kai tsaye a kai a kai, ya zauna ya yi wa 'yan wasa bayani. A Disamba 2021, da sabon babin Endwalker ya fito, mutane suka yi cincirindo har ana shafe sa'o'i a layi kafin a shiga. Kowa na cewa a ƙaro manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasan mana. Ya fito ya ce kuɗin ba shi ne matsalar ba, kayan ne babu a kasuwa saboda ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ya addabi duniya a lokacin. Kamfanin ya dakatar da sayar da wasan ga sababbin 'yan wasa na wasu makonni don kada layin ya ƙaru. Mutane ba su ji daɗi ba, amma da yawa sun yi haƙuri, saboda an faɗa musu dalili.

Kada ka ɗauka ina nufin mai haɗa wasa kullum shi ne da gaskiya. A 2013 wani ya tambayi shugabannin World of Warcraft ko za su dawo da wasan yadda yake a farkon fitowarsa. J. Allen Brack na kamfanin Blizzard ya amsa da cewa suna zaton suna so ne, amma ba sa so. Maganar ta bi shi shekaru. A Agusta 2019 kamfanin ya fito da abin da aka roƙa ɗin, mutane kuwa suka yi tururuwa. A nan 'yan wasa sun san matsalar, sun kuma san mafitar. Bambancin shi ne abin da suka nema sun taɓa ɗanɗana shi, ba hasashe suke yi ba. Idan mutum yana magana a kan abin da ya riga ya buga da hannunsa, maganarsa ta fi nauyi a kan ta wanda ke kwatanta abin da bai wanzu ba tukuna.

Akwai kuma waɗanda suka miƙa wa jama'a wuƙa da nama. Kamfanin Jagex na birnin Kambirij a Ingila ya buɗe Old School RuneScape a 2013, daga wani ajiyayyen kwafin wasan na 2007, bayan sauyin salon faɗa da aka yi a 2012 ya fusata tsofaffin 'yan wasa. Suka kafa doka cewa sabon abu ba zai shiga ba sai an kaɗa ƙuri'a ya samu kashi 75 cikin 100. Tsarin ya gina amana sosai. Sai dai yana da tsada: an sha tsara sabuwar sana'a da za a ƙara a wasan, a kashe lokaci a kanta, mafi yawan masu ƙuri'a su amince, amma ta faɗi don ba ta kai adadin ba. A 2022 aka sauko da shi zuwa kashi 70. Kuma ko a can, gyare-gyaren da suka shafi lafiyar wasan, kamar rage ƙarfin makamin da ya wuce gona da iri, ba a sa su a ƙuri'a, don ba mai zaɓar a rage masa ƙarfi. Ku da kuke mutum uku ban ba ku shawarar ƙuri'a ba ko kusa, ba ku da rarar lokacin da za ku gina abu a watsar.

To mu dawo kan ƙorafe-ƙorafenku. Wanda ya ce dodon farko ya fi ƙarfinsa, kada ka yi saurin rage wa dodon jini. Ka zaunar da shi ya buga, kai kana bayansa, bakinka alaikum, ko ya tambaye ka kada ka taimaka. Ka lura da yatsunsa da fuskarsa. Sau da yawa za ka tarar dodon yana kai sara ba tare da wata alama ba, bai ɗaga hannu ba, bai yi gurnani ba, don haka mutum yake jin an zalunce shi. Ko kuma duk mutuwa sai an mayar da shi can nesa, ya sake doguwar tafiya kafin ya iso fagen. Ka ƙara wa dodon ɗan jinkiri yana ɗaga gatari kafin ya sauke, ka matso da wurin farfaɗowa kusa, sai ka ga ƙorafin ya lafa alhali ƙarfin dodon yana nan. Wanda ya ce wasan ya yi sauƙi shi ma bai rasa komai ba ke nan. Kamfanin FromSoftware ya daɗe yana ƙin sa maɓallin sauƙaƙa wasa duk da kiraye-kirayen da ake yi, amma a Elden Ring na 2022 ya ba mutum damar kiran ruhohi su taya shi faɗa, da damar barin dodon da ya gagare shi ya je wani yanki ya ƙara ƙarfi ya dawo.

Batun buga wasa da aboki ta intanet kuwa, ku ce a'a, ku faɗa a fili, tun yanzu. A ido ƙaramin ƙari ne, amma kusan sabon gini ne. Duk motsin da ɗaya ya yi sai an isar wa ɗayan, sai an yanke wace na'ura ce ke da gaskiya idan suka saɓa, sai an san abin yi idan intanet ta yanke ana tsakiyar faɗa, ga kuɗin hayar kwamfutar da za ta haɗa su duk wata. Ko kamfanin Larian na Beljiyam, mai ɗaruruwan ma'aikata, ya fitar da Baldur's Gate 3 a kwamfuta a Agusta 2023 amma bai kai shi na'urar wasa ta Xbox ba sai Disamba, saboda raba allo gida biyu don mutum biyu su buga ya yi wa ƙaramar Xbox mai suna Series S nauyi. A ƙarshe ba tare da wannan tsarin ba ya fito a kanta.

Ku buɗe littafi ɗaya na ƙorafi. Kowane ƙorafi ku rubuta abin da mutumin ya ji daban, abin da ya ce a yi daban, sannan kwana nawa gyaran zai ci muku. Abin da mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a kansa shi ne na farko, ko da ba su ɗaga murya ba. Kuma a zagaye na gaba ku nemo sababbin masu gwaji da ba su taɓa ganin wasan ba, har da mai tsohuwar na'ura, domin waɗanda suka buga sau goma sun riga sun haddace saran dodon, ba za su ƙara iya gaya muku yadda baƙo zai ji ba.