Tambayi Likita: Ina shan maganin cizon kaska, rana ta ƙone min hannuwa

Tambaya daga wani makiyayi a Bodinga: Likita, kaska ta cije ni wajen kiwo, amma lafiyata ƙalau. In sayi kafso in sha tun kafin ciwo ya zo?

A'a, kada ka saya. Ka sa ido a jikinka na mako biyu. In zazzaɓi ya zo, ko ciwon kai mai tsanani, ko ka ga baƙin ɓawo a inda ta cije ka tare da kaluluwa, ka je asibiti, kuma ka faɗi da bakinka cewa kaska ta cije ka, don kada a tsaya kan maleriya kaɗai.

Tambaya daga wani mai noman rani a Goronyo: Na yi zazzaɓi bayan cizon kaska, a asibiti aka rubuta min doxycycline. Da na ji sauƙi na koma gonar albasa. Da yamma bayan hannuwana da karan hancina suka yi zafi kamar an watsa min ruwan zafi, yanzu har sun fara saɓa. Mutane sun ce ciwon ne ke fita ta fata, wani ya ce in shafa man goge baki, wani ya ce in jefar da maganin. Ni tun ina yaro a rana nake, ba ta taɓa yi min haka ba.

Sannu malam, Allah ya sawwaƙe. Gaskiyarka, ba ta taɓa yi maka ba, domin a da babu wannan maganin a jikinka. Doxycycline da 'yan uwansa na dangin tetracycline suna bin jini su isa fata. Idan hasken rana ya sauka a kansu, musamman sashen da ake kira UVA wanda ido ba ya gani, sai maganin ya zuƙi hasken ya saki abubuwan da ke lalata ƙwayoyin fata. Shi ya sa ranar da ka saba yini a cikinta za ta iya ƙone ka cikin ɗan lokaci. Duba inda abin ya tsaya: bayan hannu, hanci, leɓe, ƙeya, da saman ƙafa ga mai silifa. Ɗaga hannun rigarka, za ka ga iyakar ƙunar daidai bakin yadi. Da ciwo ne ke fita, me zai hana shi fita ta ciki ko ta baya? Wasu ma farce ne ke yi musu zafi har ya ɗago daga nama.

Maganar cewa baƙar fata ba ta ƙuna tana cutar da mutanenmu. Duhun fata yana rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba. Ja ne ba ya fitowa fili a jikinmu, sai raɗaɗi da kumburi da saɓa, daga baya wurin ya yi duhu ya daɗe bai washe ba.

Batun man goge baki kuwa, wallahi abin ya ishe ni. Ana kawo mana ƙuna an shafe ta da man goge baki, da baƙin mai, da ɗanyen ƙwai, wani ma ya fasa kafso ya barbaɗa a kai. Sai mun ɓata lokaci muna kankare ƙazantar, mai ciwo na ihu, kafin mu ga fatar. Babu ɗaya daga cikinsu da ke warkarwa, ƙwayoyin cuta suke jawowa. Man bilicin ya fi su sharri, domin yana sirantar da fata. Ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, ka riƙa ɗorawa, sannan ka shafa basilin marar turare. In ya yi bororo kada ka fasa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shawarar jefar da maganin. Zazzaɓin kaska ba abin wasa ba ne, kuma doxycycline shi ne kan gaba wajen maganinsa. Sauƙin da ka ji a kwana biyu ko uku bai nuna ƙwayar cutar ta ƙare ba. Kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Koma wurin wanda ya rubuta maka, yau ko gobe, ka nuna masa hannun. Shi zai duba ko ka ƙarasa da kariya ko a sauya maka wani.

Na san albasa ba ta jiran kowa, ban ruwa kuma sai an yi. To ka mai da aikin bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ka nemi inuwa, yara ko 'yan uwa su kama maka na 'yan kwanakin nan. In fita ta zama dole, sa malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu mai kauri, safar hannu da takalmi rufaffe. Hula ba ta kare hanci. Mai hali ya sayi man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama, ya riƙa maimaitawa duk awa biyu, domin gumi na wanke shi. Hazon hunturu da gajimare ba sa tare wannan hasken gaba ɗaya, yana ma ratsa gilashin taga. Ka ci gaba da kiyayewa wasu kwanaki bayan ka gama maganin.

In kuwa bororo ya yi yawa, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko gyambo ya fito a baki ko ido, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, dakatar da maganin ka tafi asibiti nan take, ko da dare ne. In na kusa bai iya ba, a wuce da kai Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kada a jira gari ya waye.

Tambaya daga wani ɗan kabu-kabu a Mabera: Maganin nan ne ke sa ni jin zafin gari fiye da da?

Da haske yake faɗa, ba da zafi ba. Amma mai zazzaɓi a watan Afrilu, ma'auni na zafin gari ya haura digiri 40, ruwan jikinsa saurin ƙarewa yake yi. Ajiye babur ka huta, ka sha ruwa sosai. Jiri, ruɗewa ko ƙarancin fitsari, asibiti kai tsaye. Ranar da ka koma aiki ka sa safar hannu, hannuwanka ne ke shan rana a kan kan babur.

Tambaya daga wata uwa a Gwadabawa: Zan iya shan doxycycline da fura da nono?

Hajiya, a raba su da awa biyu. Nono, maganin ƙarin jini da maganin ƙwannafi suna rage shigarsa jini. Ki sha da ruwa kofi cike, kada ki kwanta sai bayan rabin awa, domin in ya maƙale a maƙoshi yana yin gyambo. In kina da ciki ko kina shayarwa, faɗa wa likita kafin ki haɗiyi ko ɗaya.

Tambaya daga wani dillali a kasuwar Kara: Mu kalanzir muke zuba wa kaska ta saki. Laifi ne? Kuma allurar dabbobi ta terramycin tana yi wa mutum?

Duka biyun a daina, don Allah. Kama ta da matsefata daf da fata, ka ja sama a hankali, ka wanke wurin da sabulu. Kada ka murtsuke ta da yatsa. Allurar shanu ta shanu ce, ba a auna ta don jikin mutum ba. Ku da mahauta ku sani akwai zazzaɓin kaska mai sa zubar jini wanda babu kafson da ke kashe ƙwayarsa. Zazzaɓi da haɓo, ko jini a dasashi ko a bayan gida, a kai mutum asibiti a ranar, kuma masu jinya su guji taɓa jininsa da hannu tsirara.