Amsa ga ƙanena a Kaduna mai son karatun mantiƙin lissafi a waje

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin lissafi a KASU, kana bautar ƙasa, kuma ranka ya kwanta da ka'idar samfuri, reshen mantiƙin lissafi da ke nazarin tsare-tsaren aljabara irin su rukunoni da fagage. Ka kuma ce Baba na shirin sayar da fulotinsa na Rigasa don biya maka digiri na biyu a nan Ingila. Don Allah kada a sayar. Akwai hanyar da ba ta bi ta kan fulotin ba, amma bari mu fara da karatun kansa.

Sunan fannin mantiƙi, amma aikinsa na yau da kullum aljabara ne. Wanda bai ƙware a kan fage ba, wato tsarin da ake tarawa da ragewa da ninkawa da rabawa a cikinsa, zai sha wuya tun a makon farko.

Ga misalin da nake so ka zauna da shi. James Ax ya nuna cewa duk taswirar folinomiyal daga sararin lambobin kompleks mai fuska n zuwa kansa, muddin ba ta kai abu biyu wuri ɗaya, to ba ta barin wurin da ba ta kai wani abu ba. A fage mai iyakantattun lambobi wannan a bayyane yake: in mutum 30 suka zauna a kujeru 30 ba wanda ya haɗa kujera da wani, ai babu kujerar da ta rage. Daga nan sai a lura cewa cikon aljabara na fage mai lambobi p (p lamba ce firam; cikon kuwa shi ne fagen da ake samu in an ƙara masa amsoshin duk folinomiyal ɗinsa) haɗakar irin waɗannan ƙananan fagage ne, don haka maganar ta tabbata a can ma, ga kowace p. Mantiƙi sai yanzu yake shigowa. Da zarar an ƙayyade n da darajar folinomiyal ɗin, ana iya rubuta maganar a jimla ɗaya ta mantiƙin mataki na farko (wanda "ga kowane" da "akwai" ɗinsa ke magana a kan lambobin fagen kawai), kuma duk jimlar da ta tabbata a waɗannan fagage ga kowace p, ta tabbata a lambobin kompleks. Shi ke nan, hujja ta cika. Na daɗe da saninta, amma har yau in na rubuta ta a allo sai na ji daɗi ya kama ni.

Haka fannin yake tafiya tun daga Alfred Tarski. A 1971 Angus Macintyre ya tantance fagagen da ke da wata siffa ta mantiƙi da ake kira omega-stability, a 1996 kuma Ehud Hrushovski ya warware hasashen Mordell da Lang a fagagen fankshin da kayan aikin wannan fanni. Hasashen Cherlin da Zilber kan sauƙaƙan rukunoni masu iyakantaccen matsayin Morley (wani ma'aunin girma a wannan fanni) yana nan tun ƙarshen shekarun 1970 ba a gama da shi ba.

Saboda haka wannan shekara ta bautar ƙasa, ka ba ta ga ka'idar Galois da ka'idojin Sylow, da biro da takarda, kana warware atisaye. In ka samu malamin aljabara a Samaru da zai riƙa duba maka, motar Kawo zuwa Zariya ba ta da nisa.

Batun kuɗi kuwa, ka nemi AIMS, cibiyar koyar da kimiyyar lissafi ta Afirka, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da cibiyoyi a Gana da Senegal da Kamaru da Ruwanda. Suna ɗaukar nauyin ɗalibin da suka zaɓa, kuma wasiƙar shaida daga malamansu tana buɗe ƙofa. A Amurka ɗalibin digirin dakta a lissafi yakan koyar a biya shi. A Jamus, Munsta na da manyan masana wannan fanni, sai dai biza na buƙatar ka nuna sama da Yuro 11,000 a asusu. A nan Ingila akwai masana fannin a jami'o'in Lids da Manchesta da Oksfod. Ka zaɓi malami kafin ka zaɓi ƙasa, domin masu wannan fanni ba su da yawa.

Ka rubuto mini hujjar Ax ɗin nan da hannunka, mataki-mataki, ka haɗo da takardar sakamakonka, in duba kafin mu fara maganar wasiƙun neman gurbi. Ka gaida Baba da Hajiya.