Ajiye babban labarin, ka fara da ƙaramin wasa

Yarona, ka tambaye ni wace manhaja za ka fara koya, Unity ko Unreal, don ka zama mai tsara wasannin bidiyo, ka kuma ce kana da dogon labarin yaƙi da kake son mayarwa gem. Ajiye labarin tukuna. Manhaja kuwa, ɗauki wadda kwamfutarka za ta iya ja. Akwai ma wata, Godot, kyauta ce, ba ta da nauyi, ta ishe ka farawa.

Aikinmu shi ne sanin abin da hannun mai wasa zai yi tun bai yi ba. Buɗe matakin farko na Super Mario Bros. na 1985 ka duba a tsanake. Mario na tsaye a hagu, fili a buɗe ta dama, sai ƙafa ta nufi can ba wanda ya ce ta je. Maƙiyin farko yana tahowa a hankali. Ko ya kashe ka, ba ka yi asarar komai ba, yanzu ka fara. Ka doki bulo, naman kaza ya fito, ya gangara, ya bugi bututu, ya dawo kanka. Kai kana zaton wani maƙiyin ne, amma bulullukan da ke samanka sun takura tsallenka, ya taɓa ka, sai ka ga ka ƙara girma. An koya maka wasan ba a rubuta maka kalma ɗaya ba. Masu tsara wasan, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, a kan takarda mai gida-gida suka zana matakan nan kafin su miƙa wa masu rubuta manhaja.

Kai ma da hannu za ka fara. Haƙa gidajen dara, ka canza doka guda: ka ce sai an jera huɗu ake ci, ba uku ba. Zaunar da mutum biyu su buga. Kada ka yi musu bayani in sun rikice, kada ka kare dokarka. Wannan shirun yana da wuya ƙwarai, amma a nan ake koyon sana'ar. Rubuta inda suka gaji da inda suka matso da kujera.

Maganar aiki, ba zan ɓoye maka ba, kasuwar ta yi tsauri. A 2023 da 2024 manyan kamfanoni sun sallami dubban ma'aikata. Mai ɗaukar aiki abin da ka gama yake son taɓawa. Shiga Global Game Jam da ake yi kowane Janairu, inda ake haɗa wasa cikin kimanin awa 48, ka ɗora abin da ya fito a itch.io, shafin intanet da masu haɗa wasanni ke ɗora ayyukansu. Wasan Celeste na 2018 daga wani ƙaramin wasa da aka haɗa cikin kwana huɗu ya tsiro.

Ranar Asabar ka zo min da mataki ɗaya, maɓalli ɗaya, da takardar abin da masu wasanka suka yi.