Kakannin mijina ba su taɓa zama wuri ɗaya ba: korarsu ake yi?

Tambaya: Malam, ina aure a Abadin (Aberdeen) da ke arewa maso gabashin Sukotland, mijina ɗan Sukotland ne. Mun duba takardun kakan kakansa, sai muka ga a ƙidayar 1861 yana wani ƙauye, a ta 1871 yana wani, 'ya'yansa kuma kowa da inda aka haife shi. Wani mutum a intanet ya ce jinin sarautar dangi ne da aka kora daga ƙasarsu, in mun biya zai kawo mana cikakken tarihi. Hankalina bai kwanta ba. Korarsu ake yi, ko wani laifi suke gudu?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Abin da kika gani shi ne rayuwar ɗan ƙodagon gona a zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901. A arewa maso gabashin ƙasar, sau biyu a shekara, watan Mayu da Nuwamba, ake cin kasuwar ɗaukar ma'aikata a garuruwa irin su Turriff da Ellon. Manomi ya ƙare wa mutum kallo, su yi ciniki, ya danƙa masa ɗan kafin alƙalami, magana ta ƙare. Gwauro wata shida yake yi, yana kwana a ɗaki kusa da bargar dawakai. Mai iyali shekara guda, a ba shi gida, da garin hatsi, madara, dankalin turawa da makamashi a matsayin wani ɓangare na lada. Gidan na mai gona ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar za a ɗora gado da tukwane da yara a kan amalanke. Ƙaurar ma yawanci ba ta da nisa. Ki duba taswira, za ki ga ƙauyukan maƙwabta ne.

Shi kuwa mutumin intanet ɗin, kada ki ba shi ko sisi. Na gaji da irinsu. Kullum sai an zo mini da takarda mai tambarin dangi da hoton ganuwa, an biya kuɗi an sayo ƙarya. Da sun ga talakan Sukotland ya yi ƙaura sai su ce korar tsaunukan arewa ce. Korar nan ta faru, kuma zalunci ce, a wurare irin su Sutherland da tsibiran yamma aka tashi mutane domin kiwon tumaki. Amma masu 'yan gonakin haya ta shafa, kuma dokar 1886 da ta ba su kariya ba ta ma haɗa da lardin Abadin ba. Kakan kakan mijinki ba shi da gonar da za a ƙwace. Ƙarfinsa yake sayarwa. Sunan mahaifi ɗaya da wani basarake kuma ba ya mai da mutum jikansa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ana shafe mutumin da ya tashi tun duku-duku ya ciyar da dawakai, ya yini bayan garma cikin sanyi, da matarsa da ke cirar gwaza irin tasu da hannu a daskare, a liƙa wa zuriyarsu basaraken da ba su haɗa komai da shi ba. Wace kunya ce a noma?

Ki shiga shafin ScotlandsPeople na hukumar adana takardun ƙasar. Rajistar haihuwa ta gwamnati ta fara a 1855, kuma daga 1861 takardar haihuwa tana nuna rana da wurin auren iyaye. Ki fara da ta ɗan farin kakan kakan mijinki.