Shekara bakwai longan ba ta yi fure ba: ina matsalar take?

Tambaya: Na shuka ƙwallon longan, bishiyar nan ta Asiya mai ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, shekara bakwai ke nan. Bishiyar ta girma, ganye shar, amma ko fure ɗaya ba ta taɓa yi ba. Me na yi ba daidai ba? Kuma gaskiya ne busasshen 'ya'yanta na maganin rashin barci?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, bishiyarka lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne suka haɗu a kanka: ƙwallo ka shuka, ita kuma longan ba ta fure sai ta sha sanyi.

Longan ɗin da aka shuka daga ƙwallo takan kai shekara shida zuwa takwas kafin ta fara 'ya'ya, wata ma ta wuce haka, kuma ba lallai ta gado zaƙin uwarta ba. Sau da yawa sai a samu ƙwallo ƙato, tsoka 'yar kaɗan. Shi ya sa manoman kudancin ƙasar Sin da na Tailan da Biyetnam, waɗanda su ne manyan masu nomanta, ba sa dogara da ƙwallo. Ɗaurin reshe suke yi. A zaɓi lafiyayyen reshe a jikin uwa mai kyawun 'ya'ya, a ɓare ɓawonsa zagaye kamar faɗin yatsa biyu, a kankare santsin da ke ƙarƙashi, a naɗe wurin da damshin gansakuka, a ɗaure da leda. Cikin wata biyu zuwa uku saiwa ta fito, sai a yanke a raina a inuwa kafin dashe. Irin wannan kan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu. Taka kuwa kada ka sare ta. Ka samo reshen iri mai kyau, kamar Daw ko Chompoo na Tailan ko Kohala, a yi mata aure.

Sai dai ko ka yi auren, maganar sanyi na nan, kuma ita ce ta fi damuna. Asalin longan tsakanin kudancin Sin ne da Miyanma, inda ake samun 'yan watannin sanyi marasa ruwa. Tana son wata biyu zuwa uku da zafi ke tsayawa wajen digiri 15 zuwa 22, ƙasa kuma ta ɗan bushe. A lokacin ne take daina toho, ƙarshen rassanta su juye su zama fure. Idan ɗumi bai sauka ba, ko kana ta ba ta ruwa da taki mai naitirojin irin yuriya a daidai lokacin hutun, ganye za ta yi ta fitarwa. Na sha ganin wannan: mutum ya ƙaunaci bishiya har ya hana ta haihuwa da yawan kulawa. Saboda haka, wata biyu kafin sanyi ka tsayar da naitirojin, ka rage ban ruwa sosai. Da ka ga fure ya fito, ka dawo da ruwa ba fashi har 'ya'yan su cika. Amma sanyin da ya kai ga daskarar da ruwa yana kashe ƙananan bishiyoyi, kuma saiwarta ba ta jure ruwan kwance ko ƙasa mai gishiri.

Za ka ji ana maganar wani sinadari, fotasiyam kuloret. A ƙarshen shekarun 1990 aka gano cewa in an zuba shi a gindin longan tana fure ko ba sanyi, abin da ya sa manoman Ciyan Mai da Lamfun a arewacin Tailan ke fitar da ita ba a kan kaka ba. Yana aiki, ba musu. Amma sinadarin haɗa kayan wasan wuta ne, kuma a 1999 ya fashe a wata masana'antar longan a lardin Ciyan Mai, mutane da dama suka rasa rayukansu. Ba na ba mai bishiya ɗaya a gida shawarar taɓa shi ba tare da malamin gona ba.

In Allah Ya sa ta ɗauka, ka daure ka rage kusan rabin kowane gungu tun 'ya'yan na ƙanana. Da ciwo, na sani, amma ragowar za su fi girma, bishiyar kuma ba za ta gaji ta tsallake baɗi ba. Daga fure zuwa nuna wata biyar ne zuwa shida. Ba ta ƙara nuna bayan an tsinke, don haka ɗanɗana kafin ka yanke gungun. Jemagu da tsuntsaye kuwa raga ce maganinsu.

Game da barci. Sunan longan na nufin idon dodo, dodon nan mai siffar maciji na tatsuniyoyin Sinawa, don in ka ɓare ta za ka hango baƙin ƙwallo ta cikin farar tsoka kamar ƙwayar ido. Busasshiyar tsokar, wadda ke komawa ruwan ƙasa, ta daɗe a maganin gargajiyarsu, har Li Shizhen, wani masanin magunguna Basine, ya yi bayaninta a kundinsa na magunguna da aka buga a 1596. Suna lissafa ta cikin abinci masu ɗumi, suna ba da ita don ƙarin jini, mantuwa, faɗuwar gaba da rashin barci, kuma sukan dafa ta da jar magaryar Sin a ba mai jego. A bikin aurensu ana watsa ta a gadon amarya tare da gyaɗa da ƙwayar bado don fatan haihuwa. Ƙwallon ma na da sinadari mai kumfa, da shi ake wanke gashi a da.

Wannan gado ne na ƙarnuka, ina girmama shi, amma a matsayin abinci mai gina jiki nake ɗaukarta. Ɗanyarta na da bitamin C sosai, busasshiyar kuma sukari ne cunkushe, don haka mai ciwon sukari ya yi hattara da ita. 'Yan ƙwayoyi a ruwan zafi da dare sun isa. In rashin barcin ya kai makonni, je ka ga likita ya duba dalilinsa.